Silais ya hana ni sakat da direba, ta ina ake fara koyon duro?

Abban_Walida
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Shekara biyu da rabi ke nan da na fara golf a Kano, da dama nake bugawa, handikaf ɗina (ma'aunin ƙwarewa, mai ƙaramar lamba shi ya fi iyawa) 24. Da gajerun ƙarafa ba ni da wata babbar damuwa, ƙarfe mai lamba 8 ko 9 yana zuwa inda na nufa ko kusa da nan. Amma da na ɗauki direba, doguwar sandar da ake bugun farko da ita, sai ƙwallon ta tashi kamar za ta yi hagu, ta ci rabin hanya, sannan ta karya dama ta yi ta tafiya har cikin itatuwa. Ranar Asabar ƙwallo huɗu na ɓatar, duk a dama. Dabarar da nake yi yanzu ita ce in juya jiki in fuskanci hagu sosai don in ba ta fili, amma kamar ƙara mata ƙarfi nake yi. Ina so in rabu da silais ɗin nan, in koyi duro, wadda take fita dama kaɗan ta dawo tsakiya. Riƙo zan gyara, ko tsayuwa, ko sandar zan canza?

Injiniya_KD
Wa alaikumus salam, Abban Walida. Abu biyu kawai ƙwallon ta sani a lokacin da sanda ta same ta: inda fuskar sanda, wato gefen da yake dukan ƙwallon, take kallo, da hanyar da kan sandar yake bi. Fuskar ce take zaɓar inda ƙwallon za ta fara tafiya, bambancin da ke tsakanin fuska da hanya kuma shi ne yake lanƙwasa ta. Taka tana farawa hagu tana karyawa dama, wato sandarka tana zuwa daga waje tana yanka ƙwallon zuwa hagu, fuskar kuma a buɗe take idan an gwada ta da wannan hanyar, wato ta fi ta kallon dama. Juyawar da kake yi zuwa hagu ita ce take ƙara yankan. Duk sanda ka ƙara juyawa, tazarar da ke tsakanin hanya da fuska tana ƙara faɗi. An gudu ba a tsira ba.

Tsohon_Kadi
Yallaɓai, shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar jaka kafin in fara buga nawa. Mai silais tun daga baya ake gane shi, kafin ma ya buga. Ƙwallon ta wuce diddigen ƙafarsa ta hagu, ya miƙa hannu don ya kai gare ta, kafaɗunsa sun buɗe sun kalli hagu, shi kuwa yana ganin a daidai yake. Idan ya kai sanda sama, kafaɗar dama ce take fara tasowa, ya sauko da sandar kamar mai faskare. Gatari daga sama ake sauke shi, amma direba ba itace take fasawa ba. Ta fi kama da lauje, zagaye take yi ta share ƙwallon daga gefe.

Kafin komai, duba safar hannunka ta hagu. Idan ta cinye ko ta huje a tudun tafin hannu, a tafi kake riƙe sandar, ba a yatsu ba. Mai riƙewa a tafi da wuya fuskar sandarsa ta rufe a kan lokaci.

Abban_Walida
Tsohon Kadi, na tashi na duba. A nan ɗin ta huje, daidai inda ka faɗa. Ta biyu ke nan a bana.

Hajiyar_Rami9
To ai ka samo bakin zaren. Ni ma haka na sha fama. Abin da kociyata ta fara yi mini shi ne ta karɓe sandar, ta ce in saki hannuna na hagu ya rataya yadda ya ga dama. Na duba sai na ga bayan hannun yana ɗan kallon gaba, ba gefe ba. Ta ce to a haka zan kama sandar. Ta ɗora mini ita a gindin yatsu, tudun tafin ya hau samanta, na leƙa ina ganin ƙashin gaɓoɓi uku na bayan hannu. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a hannuwan biyu, tana nuna kafaɗar dama.

Sati biyu na farko ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ji nake kamar sandar wani na ara. Ƙwallon ta daina zuwa dama, ta koma tafiya hagu ƙasa-ƙasa, har na so in koma tsohon riƙona. Kociyar ta ce wannan hagun shi take jira, don ya nuna fuskar ta rufe, saura hanya. Ka sa ran haka za ta faru da kai, kada ka tsorata.

Baba_Mai_Ritaya
Yaro, bari in tambaye ka. Silais kake so ka kashe, ko duro kake sha'awa? Ba abu ɗaya ba ne. Na haura shekara talatin a wannan wasa, kuma fedi nake bugawa, ƙwallon ta fita hagu kaɗan ta sauka a hankali zuwa dama, ta zauna inda ta faɗi. Jack Nicklaus da ya ci manyan kofuna 18, fedi ne makaminsa, kuma shida daga ciki a Augusta ya ci su, inda ake gasar Masters a Amurka, filin da ake ta cewa sai mai duro. Lee Trevino ma fedi, manyan kofuna shida. Dustin Johnson sai da ya bar duro ya koma fedi da direba sannan ya ci US Open a 2016. Ku samari kun ɗauka duro wata rawani ce. Rage lanƙwasar daga taku arba'in zuwa taku goma, ka ga yadda yawan bugunka zai sauka.

Sadauki_88
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma duro ta fi nisa. Wannan ba musu. Dubi Rory McIlroy yadda yake ɗaga ta sama ta dawo hagu, da ita ya cike manyan kofuna huɗu a Masters na 2025.

Injiniya_KD
Sadauki, akwai gyara kaɗan. Iska ba ta san dama da hagu ba. Abin da ya sa duro ta mai dama take fin nisa sau da yawa shi ne fuskar da ta rufe tana rage kwanciyar sandar, ƙwallon ta fita ƙasa, juyawarta ta baya ta ragu, ta sauka ta yi ta gangarawa. Silais kuma fuska a buɗe, ƙwallon ta hau sama da juyi mai yawa, ta faɗo kamar an sake ta. Fedi mai kyau da aka buga a tsakiyar fuska ba ta rasa wani abin kirki. Da a ce lanƙwasa zuwa hagu ce take ba da nisa, da bahago mai silais ya fi kowa.

Bahagon_Zariya
Ga ni nan, ni ne shaidar. Silais ɗina hagu yake zuwa, kuma ba nisan da yake ƙara mini. Masu karanta shawarwarin nan daga cikinmu bahagwai, ku tuna ku juya komai.

Baba_Mai_Ritaya
Kuma gangarawar da Injiniya ya ambata ba kullum take zama alheri ba. A filayenmu na nan da rani ƙasa kamar daɓe take. Duro ta sauka tana gudu, ba ta tsayawa sai ta shige ciyawar hagu. Amma idan ya nace, yadda aka koya mana shi ne: ka sa ƙafafunka su kalli inda kake so ƙwallon ta fara, fuskar sanda ta kalli inda kake so ta ƙare, ka buga bisa layin ƙafafun.

Injiniya_KD
Baba, da girmamawa, wannan karatun shi aka yi ta bayarwa shekaru da yawa, amma na'urori sun nuna akwai kuskure a ciki. Tun da TrackMan ta fito, wadda wani kamfanin Denmark da aka kafa a 2003 yake ƙerawa, ake auna sanda da ƙwallo da rada. An ga cewa da direba kusan kashi 85 cikin ɗari na inda ƙwallon take farawa fuska ce take yanke shi, ba hanya ba. Idan ka sa fuskar ta kalli tutar rami ka bi ta dama da sanda, ƙwallon za ta fara kusa da tutar ta karya ta wuce ta zuwa hagu. Duro da za ta ƙare a kan tuta tana bukatar fuskar ta kalli dama da tutar kaɗan, hanyar kuma ta fi ta yin dama. Misali hanya digiri 4 zuwa dama, fuska digiri 2. Fuskar a buɗe take ga tuta, a rufe take ga hanya.

Baba_Mai_Ritaya
Na ji, kuma ban musa na'ura ba. Sai dai mutanen da suka yi wancan karatun sun buga duro, na gani da idona.

Tsohon_Kadi
Gaskiya ne Baba, sun buga. Hannuwansu sun san abin da bakinsu bai faɗa ba. Wanda ya buga ƙwallo dubu-dubai jikinsa yana gyara masa. Mai shekara biyu a wasan kuwa abin da aka faɗa masa shi zai yi, harafi da harafi.

Mai_Shago_Abuja
Ni dai shawarata gajera ce. Ka duba digirin direbarka, wato yawan kwanciyar fuskarta. Idan 9 ce, ta yi maka tsaye. Nemi 10.5 ko 12. Duk sandar da fuskarta ta fi kwanciya, lanƙwasar tana raguwa, shi ya sa ƙarfe mai lamba 9 ɗinka yake tafiya daidai alhali bugun naka ɗaya ne. Akwai kuma direbobin da aka tara musu nauyi a wajen dunduniya, wato gefen kan sandar da ke kusa da ƙota, don fuskar ta yi saurin rufewa. Idan taka mai kusoshi ce da ake kuncewa, mai yiwuwa gyaran yana cikin jakarka ba ka sani ba.

Hajiyar_Rami9
Alhaji, kada mu tura shi kasuwa tun bai gyara hannunsa ba. Na san wadda ta canza direba sau uku a shekara biyu, silais ɗin yana nan ya bi ta.

Mai_Shago_Abuja
Hajiya, ban ce ta maye gurbin koyo ba. Amma mutum yana koyo yana kuma zuwa fili ranar Asabar, dole ya samu abin da zai sa ƙwallon a cikin wasa. In ba zai saya ba, ya ajiye direbar wata ɗaya ya riƙa tashi da katako mai lamba 3. Digirinsa wajen 15 ne, kuma ya fi gajarta.

Alkalin_Fili
Tunatarwa biyu tunda an taɓo kusoshi. Ana gyara saitin direba kafin a fara zagaye, ba a tsakiyarsa ba. Wanda ya kunce ya canza da gangan bayan ya fara, ya kuma buga da ita, ya fita daga gasar. Na biyu, Abban Walida, ƙwallo huɗun da ka ɓatar bugu takwas ne suka tafi, don kowacce da bugun hukunci da komawa inda ka buga. Tun Janairun 2019 minti uku ake ba da na nema, ba biyar ba. Ka saba da buga ta wucin gadi idan ka ga ta nufi daji, ka sanar da abokan wasanka kafin ka buga.

DanJos_1200
Ku zo Jos ku huta da silais. Da gaske nake. Muna sama da mita 1,200 daga teku, iskar ba ta da kauri, ƙwallon tana ƙara nisa kuma lanƙwasarta tana raguwa. Baƙi da yawa suna zuwa Rayfield, filin da aka kafa tun 1913, su ga bugunsu ya miƙe, su ɗauka sun warke. Su koma gida su tarar da ciwon yana jiransu. Ina faɗa ne don kada mutum ya auna gyaransa da rana ɗaya ko fili ɗaya. Haka ma hunturu. Idan iskar tana bugo ka a fuska, silais na taku ashirin sai ya ninka.

Dan_Yamai
Mu a Yamai a kan yashi muke yi, kowa da ɗan yankin tabarmar roba da yake ɗora ƙwallo a kai. Ba a ganin sawun sanda a ƙasa balle a karanta shi. Amma ku masu ciyawa kuna da malami kyauta. Ɗauki ƙarfe mai lamba 7 ka buga, ka duba inda sandar ta ƙwaƙule ƙasa. Idan sawun ya karkata hagu da inda ka nufa, yankan da Injiniya ya faɗa yana nan har a ƙarafan, kwanciyar fuskarsu ce kawai take ɓoye shi.

Tsohon_Kadi
Madalla da wannan. Ga aikin da nake ba mutane, ba ya cin ko kwabo. Bayan an gyara riƙo yadda Hajiya ta ce, ka dawo da ƙwallon daidai cikin diddigen hagu, kada ta wuce. Ka sa wani ya tsaya bayanka ya ɗora sanda a ƙirjinka, ka ga inda kafaɗunka suke kallo. Za ka yi mamaki. Sai ka samo robar ruwa da babu komai a ciki, ka ajiye ta a waje da ƙwallon, baya kaɗan, tazarar kamar faɗin tafin hannu. Mai saukowa daga waje sai ya doke ta. Kada ka fara da ƙarfi. Rabin bugu, a hankali, har sai ka wuce robar sau goma a jere.

A saukowa, nauyi ya fara komawa ƙafar hagu, bayanka ya ɗan jima yana kallon inda za ka buga, gwiwar hannun dama ta faɗo kusa da haƙarƙari. Ka ji kamar kana watsa ruwan bokiti zuwa dama da tuta. Wanda ya taɓa buga ƙwallon ƙafa ya san abin. Bugun tazara da cikin ƙafar dama, ƙafar tana fita waje, ƙwallon ta zagaye katanga ta dawo hagu. Duro ke nan.

Kuma kada ka kai sabon riƙo gasa a satin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mahayi_KT
Ni daga folo na shigo golf, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne sakin hannu. A kan doki ka saba damƙe sanda. A nan idan ka damƙe, hannuwan ba sa juyawa, fuskar ta iso a buɗe. Da na sassauta riƙo rabin matsalar ta tafi.

Sadauki_88
Wani ya ba ni shawarar littafin Ben Hogan na 1957, wai duk amsar tana ciki. Ko shi zai nema?

Injiniya_KD
Littafi ne mai daraja, amma a san ciwon da mai shi yake magani. Hogan huk ne ya addabe shi a farkon rayuwarsa ta wasa, ƙwallon tana karya masa hagu da ƙarfi. Riƙon da ya koma, da juya hannun hagu zuwa hagu, duk don ya hana fuskar rufewa ne. Mai silais da ya kwaikwayi wannan riƙon ya sha maganin ciwon da ba nasa ba.

Akwai abu na uku da ban ambata da farko ba: inda ƙwallon take taɓa fuskar. A direba, wadda ta bugu a wajen dunduniya, kusa da ƙota, tana karyawa dama ko da hanya da fuska suna daidai. Wadda ta bugu a can baki tana karyawa hagu. Ka shafa alli ko hoda a fuskar a wurin atisaye, ka buga biyar, ka duba tabon.

Alkalin_Fili
A wurin atisaye kawai. A goge kafin a shiga zagaye.

Baba_Mai_Ritaya
Tunda ana kawo sunaye, ga nawa na ƙarshe. Martin Kaymer ɗan Jamus ya zama na ɗaya a duniya a Fabrairun 2011 da fedi ɗinsa. Ya ga Augusta ta ƙi shi, ya shiga canza bugu don ya samu duro. Ya yi ta zamewa a jerin gwanaye, sai a 2014 ya dawo ya ci US Open da tazarar bugu takwas. Na ɗaya a duniya ke nan, mai koci da lokaci da filin atisaye kullum. Garin neman gira kada a rasa ido.

Hajiyar_Rami9
Baba, Kaymer yana da ido mai kyau da zai rasa. Ɗan'uwanmu ƙwallo huɗu yake ɓatarwa a rana. Ni a ganina ko fedi yake so ya ƙare da ita, sai ya bi ta duro tukuna. Wanda bai taɓa jin yadda fuska take rufewa a hannunsa ba, ba zai iya cewa ga iya buɗewar da nake so ba.

Baba_Mai_Ritaya
Wannan maganar taki tana da nauyi, Hajiya. Ya koya, amma kada ya raina fedi idan ita ta zauna masa.

Abban_Walida
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da ya faru a kwana goma. Direbata 9.5 ce, na mayar da ita 10.5 kafin in je atisaye. Na shafa alli, huɗu cikin biyar a dunduniya suka bugu. Kadin da nake tafiya da shi, mai ɗaukar jakata, ya ɗora mini sanda a ƙirji, kafaɗuna suna kallon hagu fiye da yadda na zata. Na canza riƙo, kuma abin da Hajiya ta faɗa ya faru: ƙwallon tana fita hagu ta ƙara yin hagu. Robar ruwan kuwa na doke ta ya fi sau ashirin a ranar farko. Jiya da ƙarfe mai lamba 7 na samu guda shida da suka fita dama suka dawo, na tsaya ina kallonsu har suka sauka. Da direba har yanzu da na ƙara ƙarfi kafaɗar dama take tasowa, silais ya dawo, ko da yake bai kai na da ba.

Tsohon_Kadi
To ka zauna a kan lamba 7 ɗin sati ɗaya, sannan katako mai lamba 3 a kan tii, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, sannan direba da rabin ƙarfi. Dunduniyar kuma, gwada ajiye ƙwallon daidai bakin fuskar kafin ka ɗaga sanda.

Injiniya_KD
Ni kuma ina zargin tsayuwarsa ce, mai yiwuwa nauyinsa yana zubewa kan yatsun ƙafa a saukowa, shi yake tura sandar waje. Abban Walida, ka sa a ɗauke ka da waya daga baya, a daidai tsayin hannuwanka, ka turo mu gani.

Bahagon_Zariya
Idan ya turo, don Allah wani ya duba nawa ma. Robar a wane gefe zan ajiye ta?